A Tono Gindin Gamba

Garinmu yana arewacin ƙasar Daura, inda mai jaki in ya yi sammako zai ci kasuwar Mai'aduwa ya dawo gida kafin magariba. Ƙasar jigawa ce, ta gero da wake da gyaɗa, sai 'yar fadama a kudancin gari. Lokacin da na yi wayo, wajen ƙarshen shekarun 1970, ba ka ratsa tsakanin gona da gona ba tare da ka bi gefen gamba ba. Jere take, gindi bayan gindi, taku biyu-biyu tsakaninsu, tun daga bakin gari har inda gonaki suka ƙare aka shiga saura. Da kaka, in ta fid da kai, ta fi kowane namiji tsawo. A fadama kuwa har mahayin doki takan ɓoye.

Mutumin birni kowane haki ciyawa ne a wurinsa. Mu kuwa ba a sakar wa yaro lauje sai ya san kowacce da sunanta: kyasuwa, harƙiya, burburwa, guɗe-guɗe, da ƙarangiya mai kama ƙafa. Duk waɗannan 'yan damina ɗaya ne. Ruwa ya sauka su tsiro daga iri, kaka ta yi su zubar da iri su mutu. Gamba ba haka take ba. Samanta kawai ke bushewa, gindin yana nan da ransa, saiwa ta nutsa ƙasa tana bin laima, har takan jure ranin wata takwas ko tara. Shi ya sa da an yi yayyafi ɗaya ko biyu, tun ba a ɗauki sungumi ba, ita ke fara toho. A daidai wannan lokaci na bazara harawa ta ƙare, dusa ta yi tsada, dabba ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Wannan ɗan koren ganye shi ke tsallakar da ita zuwa damina.

Sai dai a bakin manoman garinmu sunan ya wuce na abincin dabba. Gamba ita ce iyaka. Da wuya ka ji mutum ya ce ga iyakar gonata. Cewa zai yi daga gambar nan zuwa waccan. In aka ce wane ya tsallake gamba, kowa ya san haƙƙin maƙwabci ya shiga. Rabon gado ko cinikin gona kuwa ba a cewa ya tabbata sai ranar da aka dasa ta.

Na ga ranar da Kaka ya yanka wa Baba da Baffa gonakinsu daga cikin gandu. Cikin marka ne, ƙasa ta jiƙe sharkaf. Ya sa aka kira liman da mai unguwa da maƙwabtan gona na gabas da na yamma. Ya tono wani tsohon gindi da dagi, ya kakkaɓe ƙasar, ya ɗora shi kan icce ya tsaga da gatari gida-gida, kowane yanki da saiwarsa da idonsa. Ya datse ganyen ya bar kamar tsawon tafin hannu. Ni ne mai riƙe masa su a cikin tsohuwar ƙwarya. Yana taku biyu, ya sara rami, ya miƙo hannu, in ba shi ɗaya, ya binne ya take da diddige. Ba a shuka ta da iri a iyaka, domin irin nata sakayau ne, mai gashi, iska na kwashe shi, kuma da yawansa fanko ne. Da muka kai ƙarshen layi ya juyo ya dubi 'ya'yan nasa biyu.

"Kun gani da idonku, mutane ma sun gani. Dutse ana ɗauke shi da dare, turke gara ta cinye shi. Wannan duk mai son ya matsar da ita sai ya haƙa rami, rami kuwa ba ya ɓuya."

Baba da Baffa suka ce, "Mun gani, Baba. Allah ya ƙara girma." Liman ya yi addu'a aka shafa.

Gambar iyaka tana da dokarta. Da damina tana tsakiyar shuka, dabba ba ta isa gare ta, don haka mu yara ke yanko wa dabbobin turke, ragon layya da akuyoyin Inna da dokin Kaka. Tana ɗanya dabba ke son ta. In ta yi kara ta ƙosa, saniya sai dai ta tsinci ganye ta bar sauran. Kaka yakan bari a yanka da farkon damina, amma daga tsakiyar marka ya hana, domin a bar ta ta yi karan da za a yi aiki da shi. Kowa kuma ɓangaren da ya fuskanci gonarsa yake yanka. Ban taɓa jin an rubuta wannan a ko'ina ba, ban kuma taɓa ganin wanda bai san shi ba.

Bayan an kai gero gida sai a koma wa gamba. Ana yanke ta kara ya yi ƙwari amma bai bushe ƙamas ba, a ɗaure dami-dami a jingina a jikin gawo. Ranar da za a yi saƙa, tun da dare a yayyafa mata ruwa don kada ta riƙa karyewa. Baffa gwani ne a wannan aiki. Yakan tsuguna a kan abin da ya riga ya saƙa, ya ɗebo cikin hannu guda, ya gitta shi a karkace ta ƙarƙashin wani ta saman wani, ya danne da ƙafa, in ya kai baki ya lanƙwaso ya cusa. Hannunsa duk ya tsattsage saboda kaifin ganyen. Kafin sanyi ya kankama gidanmu ya sha sabuwar zana, an kafa dirkoki an yi tanka, an gyara rumbuna, an sake rumfar ƙofar gida, an kewaye makewayi. Abin da ya yi saura a ɗora wa jaki a kai kasuwa, kuɗin kuma shi ne na gishiri da kananzir har tsakiyar rani. A makarantar allo ma ita muke riƙewa. Malam yakan zaɓi kara mai kauri, miƙaƙƙe, ya feƙe shi da aska, ya ɗan tsaga bakin don ya riƙe tawada. Da alƙalamin gamba na fara rubuta baƙi a allo, haka ma duk sa'o'ina.

Haka muke har shekarar 1983, da ciwon bushiya ya faɗa wa shanun Arewa. Akwai wani Bafillace da ke sauka a gonarmu kowane rani, shanunsa su ci kara su zuba mana taki, matarsa tana kawo wa Inna nono ana ba ta gero. A shekarar nan garken nasa ya ragu har rabi bai saura ba. Ba a gama jimamin wannan ba damina ta 1984 ta zo ta gaza. An yi shuka ta ƙone, aka sake, ta sake ƙonewa. Geron da ya kai ga fid da kai bai yi ido ba. Kyasuwa da harƙiya suka tsiro suka bushe tun ba su zubar da iri ba, daji ya zama fili fetal. A watan Afrilu na shekarar gwamnatin soja ta rufe iyakokin ƙasa, amma yunwa ba ta san shinge ba. Mutanen Nijar suka riƙa kwararowa ta hanyoyin daji, Buzaye da raƙuma, Fulani da ragowar shanu, mata da goyo suna bin gida-gida. A kasuwa ana sayar da saniya a kuɗin da bai kai na buhun gero ba.

Abin da ya rage da ɗan kore a ƙasar nan shi ne gamba, sai kowa ya koma kanta. Aka yanke, aka sake yankewa, dabbobi suka gwaigwaye ta har ƙasa. Da bazarar 1985 ta matso, mutane suka shiga tono gindin kansa, a bubbuge ƙasar, a daddatsa a ba dabba, wasu su kai kasuwa. Ba na ganin laifinsu. Wanda saniyarsa guda ke kwance ba ta iya tashi sai an ɗaga ta da sanduna, ba za ka yi masa wa'azin baɗi ba.

Wata safiya Bafillacen nan ya zo ƙofar gidanmu. Ya daɗe a tsugune bayan gaisuwa kafin ya yi magana.

"Malam, nagge uku suka rage mini. Ka yarda in tono gambar gonarka, ko nawa ne in Allah ya kawo sauƙi zan biya."

Kaka ya yi shiru. Can ya kira Baba ya ce a kwance zanar da ta kewaye bayan gida, da ta rumbun da ya riga ya zama wofi, a sauke jinkar ɗakin baƙi, a ba shi duka.

"Ɗauki waɗannan, Arɗo, ba bashi ba ne. Zana a kaka ɗaya ake saƙa ta. Gindin nan kuwa bar mini shi. In ya tafi, ni da kai duk ba mu da abin da za mu koma wa."

Muka kwashe masa a kai har ruga. Ya riƙa jiƙa tsohuwar zanar da ruwan kanwa yana daddatsawa, yana haɗawa da 'ya'yan gawo. Busasshiyar gamba ba ta da wani ƙarfin kirki, cika ciki ce kawai, amma biyu daga cikin shanun sun ga damina. Mu kuma muka ƙarasa ranin da bayan gida a buɗe, Inna ta rataya tsofaffin tabarmi a inda zanar take. Da ruwa ya sauka a 1985, layin da Kaka ya hana a taɓa ya yi toho tun kafin gero ya tsaga ƙasa. Daga cikinsa mutanen unguwarmu da yawa suka zo roƙon abin da za su mayar a iyakokinsu, bai hana kowa ba.

Ba ko'ina aka yi wannan dace ba. A gefen arewa na gonar Baffa gambar ta mutu, iskar bazara kuma ta binne wurin da rairayi, ba ka ganin alamar komai. Maƙwabcin wannan gefe ya rasu a cikin shekarun yunwa, ɗansa ya dawo daga ci-rani ya karɓi gonar. Da shuka ta zo ya ja layinsa inda yake zato, Baffa ya ce an shigo masa. Magana ta yi zafi har aka ɗaga fartanya, mutane suka shiga tsakani, aka tafi gaban mai gari. Kowa ya kawo shaidu, shaidun kuma suka saɓa, wannan ya ce daidai wancan gawo ne, wancan ya ce a'a, daidai tururuwa ne. Mai gari ya juya wajen Kaka, wanda a lokacin ya fi kowa shekaru a wurin.

"Baba, me ka gani?"

"Ranka ya daɗe, ni uban ɗaya ne daga cikinsu, bakina ba zai gamsar ba. A je a tono gindin gamba."

Aka ɗunguma zuwa gona, mu yara muna biye. Mai gari ya sa samari biyu, waɗanda ba dangin kowa ba a cikin masu rigimar, suka fara haƙa kwari a gicciye, daga cikin gonar Baffa zuwa cikin ta yaron. An yi nisa ba a ga komai ba sai jan rairayi. Can magirbi ya ci karo da wani abu. Aka share da hannu, sai ga baƙin kututture, dunƙule, da matattun saiwoyi cunkus. Aka auna taku biyu gabas aka haƙa, ga wani. Aka ƙara taku biyu, ga wani. Layin ya fito sak, kusan taku uku a cikin abin da yaron ya shuka. Wuri ya yi tsit. Yaron ya daɗe yana kallon ramukan, sannan ya cire hula ya durƙusa gaban Baffa.

"Baba, ka yafe mini. Wallahi ban sani ba."

Baffa ya ce babu komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Mai gari ya yanke cewa yaron ya girbe abin da ya shuka a bana tunda guminsa ne, baɗi kowa ya koma inda yake, kuma a dasa sabuwar gamba a cikin ramukan nan kafin marka ta wuce. Ba a kashe ko kwabo ba, ba a je gaban alƙali ba, kuma gidajen biyu suna zumunci har yau.

Shekaru bayan haka, ina karatu a Zariya, aka kai mu Shika, cibiyar binciken dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta faro a matsayin gonar kiwo tun 1928. A can na ga gamba an shuka ta fili guda, layi-layi, da allo a kafe an rubuta sunanta. Masana tsirrai suna kiranta Andropogon gayanus, kashin farko na sunan kuma da Girkanci gemun namiji yake nufi, saboda gashin da ke kan irinta. Amma a littattafan kiwo na Turanci da sunanmu na Hausa aka san ta. Jami'in da ke zagayawa da mu ya ce daga nan Shika aka ɗebi irin da aka kai cibiyar binciken noma ta CIAT a Kolombiya a 1973, aka gwada shi a filayen kiwonsu masu ƙasa mai tsami wadda ciyayi da yawa ba sa jurewa, ya karɓu. A 1980 aka fitar da shi ga makiyayan Kolombiya da sunan Carimagua 1, a Burazil kuma da sunan Planaltina. Na tsaya ina duban abin da muke kewaye makewayi da shi, ga shi ana kiwon shanu da shi a wata nahiya. Na ji daɗi ƙwarai, na kuma ji ciwon cewa a lokacin ta riga ta fara ƙaranci a gida.

Labarinta a Ostareliya kuwa daga baya na karanta shi. Tun shekarun 1930 aka shigar da ita can don kiwo, a 1978 aka fitar da wani nau'i mai suna Kent, masu shanu a arewacin ƙasar suka shuka. Sai ta fice daga gonakin kiwo ta bazu cikin daji a yankin Darwin. Tana kai mita huɗu, ta yi duhu, ta bushe a tsaye, in wuta ta kama sai harshenta ya kai kan itatuwa ya kashe su, abin da wutar ciyawar ƙasar ba ta saba yi ba. A 2008 hukumomin yankin suka ayyana ta a matsayin muguwar ciyawa, a 2012 kuma ta shiga jerin ciyayin da ƙasar baki ɗaya ke yaƙi da su. Mutumin Darwin in ya ji an ce gamba, gobara ce ke faɗo masa a rai. Ni ban ga abin mamaki a nan ba. A wurinmu gamba ba ta taɓa yin shekara ba a taɓa ta ba: lauje na binta da damina, lauje na binta da kaka, bakin dabba na binta da rani. Can an ɗauki ciyawar an baro masu yankanta da masu saƙa ta, ta tara kara shekara da shekaru ba mai ragewa.

Mu namu ciwon akasin nasu ne. Yanzu in na je gida sai in yi tafiya mai nisa a cikin gonaki ban ga gindi goma a jere ba. Fari ya fara, mu muka ƙarasa. Mutane sun yi yawa, gonaki sun tsattsage wajen rabon gado, saura ta ƙare, kowa yana ganin taku ɗayan da gamba ta tare asara ce. Garmar shanu tana gutsurar gefenta kowace shekara har ta cinye. Maganin feshi da ya zama ruwan dare ba ya tambayar wace ce ta iyaka, wace ce ta banza. Masu yankan ciyawar sayarwa suna aske ta tun ba ta yi iri ba. Kwano da bulo sun rage bukatar zana ga mai hali, amma talaka har gobe zana yake nema, sai dai yanzu daga nesa ake kawo ta a mota, da tsada. Iyaka kuma ta koma turken siminti ko tsohuwar taya, rigimar da dā ake kashewa da magirbi kafin azahar yanzu sai ta shekara ana kai da kawowa a kotu, 'yan'uwa su daina gaisawa.

Akwai kuma asarar da ba a cika lura da ita ba. Layin gamba yana tare rairayin da iska ke kwasa, yana rage gudun ruwa, shi ya sa tsohuwar iyaka takan yi ɗan tudu, geron da ke kusa da ita kuma ba ya binnewa yana ƙarami. Masu bincike a cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun gwada dasa ta layi-layi a gonakin gero don kare su daga iska, abin da kakanninmu suke yi ba tare da sun sa masa suna ba. Yau iskar farkon damina tana shiga gonakinmu ba abin da ke tare ta, ta binne shuka, manomi ya sake neman iri. Makiyayi kuma ya rasa abin da zai riƙe dabbarsa a bazara, ga burtali ya tsuke, sai ya matso kusa da shuka. Ba zan ce rashin gamba ne ya haddasa rikicin manoma da makiyaya ba, abin ya fi haka zurfi, amma duk ciyawar da ta ɓace a ƙasar nan ta ƙara matso da su kusa da faɗa.

Mayar da ita ba ya bukatar kwangila ko bashin banki. Har yanzu ana samun gindinta a bakin fadamu da gonakin wasu dattawa da suka ƙi sakinta, kuma gindi ɗaya mai kyau yana ba da abin dasawa da yawa. Mai gona, in marka ta zo, tsakanin Yuli da Agusta, ka nemi gindi ka tsaga, ka datse ganyen, ka dasa taku biyu-biyu a iyakarka. Ka hana a yanke ta a shekarar farko, ka gargaɗi mai yi maka feshi da mai riƙe garma su kauce mata, kuma kowace kaka ka bar wasu su zubar da iri. Ranar da za ka dasa, ka kira maƙwabcinka da 'ya'yanka da nasa su tsaya a wurin.